Ragon da na kayar a hanyar Maigatari

Shekarun baya, ciwon gwiwa ya hana mahaifina taka kuloci. Akori-kurar da muke ci da ita ta zauna a ƙofar gida, alhali da ita yake kwaso dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa Gumel duk Alhamis. Ya ce sayar da ita zai yi. Na ce ina raye ba za a yi haka ba.

Ni kuwa a Kano na koyi tuƙi, da otomatik ɗin maigidana, wadda ke canja giya da kanta ba ka ko ji. A ganina direba nake.

Alhamis ta farko muka loda raguna, Baba na gefena. Ina sa giya ta biyu na saki kuloci gaba ɗaya. Motar ta zabura, na ji rugum a baya. Rago ɗaya ya faɗi, sauran suka tattake shi, da ƙyar ya miƙe yana ɗingishi. Kunya ta hana ni kallon mai shi.

"Buhu ka ɗauka ka loda?" in ji Baba. "Dabba a tsaye take. Bar sauraron inji, saurari kofatonsu. In ka ji sun yi motsi, ba ka iya ba. Sati uku na ba ka."

Ranar na ji haushin kaina ƙwarai. Kullum da safe sai in ɗora akuyar mahaifiyata a baya in kama hanyar Sule Tankarkar, ina ɗaga ƙafar hagu a hankali, ina ba ta totur kaɗan-kaɗan, kunnena na baya. Inna ta ce, "Akuyar nan yanzu ta fi ni sanin gari." Cinyata har rawa take yi idan na sauko.

Alhamis ɗin da sati uku ya cika muka sake lodi. Na sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, bayan mota shiru. Na juya in ga ko Baba ya lura, sai na tarar ya jingina kai yana barci. Bai farka ba sai a Gumel. Ya buɗe ido ya ce, "Kai, ba za mu tashi ba ne?"

Ba a sake maganar sayar da mota ba.

Yau otomatik nake ja, kuma ba na musun daɗinta. Amma ita ke yin laushin, ba ni ba. Baba ya rasu, kuma bai taɓa ce mini na iya ba. Barcin nan ya ishe ni.