Faci Uku Kafin Ruwan Shuka

Aikina a biron noma na Matameye, wato ofishin aikin gona, shi ne tattara awon ruwan sama. A kowane ƙauye akwai mutum guda da aka kafa wa ma'auni a fili, wata roba mai zane-zane a kan sanda. Da safe ya duba, ya rubuta, ya zubar. Shekara da shekaru takardunsu na zuwa mini ta hannun masu moto, wasu a jiƙe, wasu bayan sati biyu. Daga baya aka raba musu salula da wata manhaja da ake shigar da awon a ciki.

Mutane ne daga ƙasashe da dama suka haɗu suka gina manhajar, suka bar cikinta a buɗe. Duk wanda ya ga aibi yana iya rubuta gyara ya aika, masu kula da ita su duba, in ya yi su ɗinka shi a jikinta. Irin wannan gyara faci muke ce masa, kamar na taya.

Ga aibin da ni na gani. In mai awo bai shigar da komai ba, sifiri take rubutawa. Ranar da ba a yi ruwa ba, sifiri. Ranar da mutum ya tafi jana'iza bai duba ba, ita ma sifiri. Da wannan awo kuwa nake rubuta rahoton da ake dubawa a san yankin da shukarsa ke cikin haɗari. Wata shekara na rubuta cewa wani ƙauye kusa da Icirnawa ya kwana tara ba ɗigo, ashe mai awon ne ke kwance da zazzaɓi, gero kuwa ya kai gwiwa. Har yau ina jin kunyar takardar nan.

Karatuna bai wuce kolej ba. Abin da na iya a odinata, wato kwamfuta, da kaina na koya, layi bayan layi, ina kwafa a kaye, littafin rubutuna. Wadda ta fi ni sani ita ce taubashiyata, ƴar kawuna, malamar gona a Dawce. Tun muna yara bawanta take kirana don ni ɗan mace ne, ko da yake na girme ta da shekara shida. Muka raba aikin. Manhajar kashi biyu ce: akwai wurin ajiya, da muke kira rumbu, akwai fuskar da mai awo ke taɓawa. Ita za ta buɗe wa rumbu sabon gurbi na dalili, inda za a ajiye abin da ya sa awon ya fito haka. Ni zan sa wa fuska zaɓi uku: an yi ruwa, na duba babu ruwa, ban duba ba.

Lokaci ya matse mu. Masu kula sun sanar za su rufe karɓar faci ranar wata Juma'a don fitar da sabon zubi. Salulolin ƙauye kuwa sau ɗaya a shekara ake sabunta su, ranar da masu awo ke taruwa a birona kafin ruwan shuka, don reso, wato layin sadarwa, a can ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. In Juma'ar ta wuce mu, sai wata daminar.

Ta aika nata ran Litinin da hantsi. Na jira awa guda cif, na rubuta wa nawa lamba biyu a ka, na aika. A ganina an gama. Haka ake yi a fanfo, jarka na bin jarka, ko mai ita ba ya nan ba a tsallake ta.

Kafin ɗan Adam ya duba faci, akwai wata na'ura can wani wuri da ke gwada shi. In ya ci sai ta sa alama kore, in ya faɗi ta sa ja. Nata ya fito kore. Nawa ja. Na sake aikawa, ja. Na uku ma ja.

Ban yi fushi ba, mamaki na yi. A odinata ta biro facina yana aiki lafiya. To me na'urar ke gani da ni ba na gani? Tana barin dogon bayanin duk abin da ta yi, na buɗe shi, na ɗauko kaye, na bi shi daga layin farko. Kwana ɗaya da rabi ya ci mini, da ƙamus a gefe. Abin da na gano ya burge ni. Duk facin da ya zo, sai ta share fili ta gina manhajar sabuwa fil daga uwar da kowa ya amince da ita, ta ɗora facin nan shi kaɗai, ta gwada, ta rushe komai. Ba ta tuna wanda ya zo kafinsa. Facin taubashiyata bai shiga uwar ba tukuna, yana jiran mai dubawa. Shi ya sa nawa yake neman gurbin dalili a rumbu bai samu ba. A odinata ta biro kuwa nata na ciki tuni.

Na kira ta.

"Bawana, ka ɓata wa mutane na'ura?" in ji ta.

"Na'urarsu ba ta san layi ba."

"Kai ka gaya mata akwai layi?"

"Na rubuta lamba biyu."

Ta yi dariya har ta shaƙe. "Biyun wa? Kana tsammani magatakarda ne irinka zaune da tabarau yana jera takardu? Je ka karanta ƙa'idarsu, tsoho, can ƙasa-ƙasa."

Yana nan kuwa. In facinka ya jingina da na wani, sai ka rubuta layi guda a ƙarshen bayaninsa, ka ambaci adireshin wancan. Na'urar za ta ɗauko wancan ta ɗora, sannan naka, ta gwada su tare, kuma ba za a shigar da naka ba sai wancan ya shiga. Na rubuta layin ran Talata da la'asar. Kafin na rufe biro ya koma kore. Wannan tsari ya kwanta mini. Ba a barin kowa ya yi zato, sai an faɗa a rubuce.

Ran Laraba da safe na tarar da su biyun a tsaye, babu kore babu ja, sai wani gajeren saƙo cewa na'urar ta ga zobe, ba za ta fara ba. Na sake kiranta.

"Me kika taɓa?"

"Mai dubawa ya ce rumbu ya riƙa ƙin duk dalilin da ba ya cikin ukun nan. Jerin ukun kuwa a facinka yake. Sai na rubuta nawa ya jingina da naka. Ba kai ne babba ba? Shige gaba mana."

"Nawa na jiran naki, naki na jiran nawa."

"To sai su yi ta bismilla a bakin ƙofa, kamar kai da baba in an kawo tuwo."

"Saura kwana biyu, Hajiya."

Ba na kiranta Hajiya sai magana ta yi nauyi. Ta ce in ta goge layinta facinta zai faɗi, don da gaske yana bukatar jerin.

Na zauna da kaye na zana su. Sai na ga ba duk facina take bukata ba, layi bakwai ne kawai a cikinsa. Waɗannan bakwai ɗin kuma ba sa bukatar komai daga wurinta. Na yanke su, na mai da su faci mai zaman kansa. Shi ne na farko, bai jingina da kowa ba. Nata ya jingina da shi. Sauran nawa ya jingina da nata. Na karanta mata adireshin a salula harafi-harafi, na sa ta maimaita sau biyu, tana ce mini an haife ni da rula a hannu.

Na farko ya shiga ran Alhamis da safe. Nata da azahar. Na uku ya tsaya. Da sauran biyun suka shiga uwar, sai na'urar ta sake gwada shi a kan sabon ginin, ko da yake jiya ta ce kore ne. Na tambayi mai dubawa dalili, cikin Faransancina na biro. Ya amsa cewa koren jiya shaidar ginin jiya ne. Na kwafe amsar a kaye. Ran Juma'a, ina shirin tafiya masallaci, na uku ya shiga.

Masu awo suka taru bayan sati uku, na sabunta salulolinsu ɗaya bayan ɗaya, na nuna wa kowa zaɓin uku. A satin farko na damina aka yi kwana huɗu ba labarin ruwa daga wani ƙauye a ƙasar Dungu. Na buɗe na duba. Kwana uku mai awon ya taɓa "na duba babu ruwa". Na huɗun ya taɓa "ban duba ba". A rahoto na rubuta kwana uku ba ruwa, na huɗu na bar gurbinsa fari, na ɗauki salula in ji ko mai awon lafiya.