Gorar Zamzam a Ɗakin Inna

Tare muka koyi ɗinki a Tudun Wada, ni da ɗan maƙwabcinmu, kuma kowa ya san na fi shi hannu. Da kasuwa ta mutu, sai ya sayar da keken ɗinkinsa ya tafi Jidda wankin mota. Ni na zauna, don in na tafi babu mai kula da Inna.

Ranar da ya dawo, ga jallabiya, ga haƙorin Makka, unguwa duk ta koma kiransa Alhaji. Alhajin wankin mota! Ni kuwa har gobe tela nake. Ya shigo gaida Inna da ledar dabino da 'yar gorar zamzam. Ta rasa inda za ta sa shi don murna, ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Ina tsaye a bakin ƙofa da maganin hawan jininta da na sayo a Kwangila, ko kallona ba ta yi ba.

Zamzam ya ƙare tuntuni, amma gorar tana nan rataye a saman gadonta. Kwanon da nake kawo mata tuwo kullum kuwa, a ƙarƙashin gadon yake kwana.