Na Raka Wani Dattijo Croydon

Mun bar Camberwell bayan sallar asuba, ni da wani dattijo maƙwabcina. Bahaushe ne daga wata ƙasa kusa da tamu. Sojojin da suka karɓe mulki can sun tsare shi watanni, ya samu ya kuɓuta, yanzu yana neman mafaka a nan ƙasar Turawa. Ni kuwa gwamnatin jiharmu ce ta turo ni ƙarin karatu, ya roƙe ni in yi masa tafinta a ofishin shige da fice da ke Croydon. Na yarda, ko da yake ban taɓa yi ba.

Bas mai hawa biyu muka shiga, ta bi ta Norwood. Gidaje jajaye duk iri ɗaya, kwalaben madara a ƙofofi. Dattijon ya raba goro ya miƙo mini rabi, kamar yadda mahaifina yake yi a motar Gusau. Shekara biyu rabona da goro. Idona ya kawo ruwa, na ce sanyi ne.

Ofishin shige da fice dogon bene ne, layi tun daga waje. Har da 'yan ƙasarmu da manyan riguna, sun zo ƙarin kwanaki don ba su gama sayayya ba.

Da aka kira mu, wata ma'aikaciya ta tambaya ko an cutar da shi a tsare. Ya ce, "Ɗana, gaya mata komai ya wuce, na yafe musu."

In na tsaya a haka, mai yiwuwa a mayar da shi hannun sojojin. In na ƙara nawa kuma, na yi ƙarya. Na fassara, na nemi izininta, na ce, "Baba, nan ba gida ba ne. Abin da ba ka faɗa ba, ba za ta rubuta ba."

"In zauna ina kai kuka gaban sa'ar 'yata?"

"Shaida ce, Baba."

Sannan ya ce, "To, kai kau da kanka." Ya tuɓe riga ya juya mata baya don ta ga abin da aka yi masa. Taga na kalla, ina fassara abin da yake faɗa, ina jin ƙarar alƙalaminta.

An ce ya zauna a ƙasar har a yanke hukunci. Ban san abin da za a yanke ba. Da la'asar muka iso gida. In ban yi kuskure ba, abin da na koya shi ne, kawaicin da iyayenmu suka rene mu da shi, wanda nake kewarsa kullum, a nan yana iya kai mutum ga halaka.

A ƙofarsa ya riƙe hannuna ya ce, "Abin da ta gani, kada ka bayyana wa kowa."

Na ce, "Baba, ai ni ban gani ba."