Dela Pireski da Wagashin da Bai Kai Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Zangwatin kafin a rushe ta ya san Dela mai wagashi, amma in ka neme ta da wannan suna sai an tsaya tunani. Ka ce Dela Pireski, nan take za a nuna maka ƙofa. Ni Zulai, shekara goma sha ɗaya ɗakina na jikin nata, hayaƙin murhunta ya baƙanta mini shanya ba adadi, don haka ina da bakin ba da labarinta.

Wagashi cuku ne na madarar shanu. Da sassafe Fulanin unguwar Hamdalaye ke kawo mata madara da ɗuminta. Ta ɗora a wuta, ta daka ganyen tumfafiya ta tace ruwan a ciki, madarar ta tsinke, ta kwashe a ƙananan kwanduna ya tsane. Da la'asar ta yanka, ta soya a ƙofar gida, ta barbaɗa yaji. Wurin mahaifiyarta ta koya, wata mutuniyar Jugu ta ƙasar Benin. Dela ba ta da gwal, ba ta je Makka ba. Abin taƙamarta a duniya guda ɗaya ne: ba a taɓa cin wagashinta an ce komai ba sai madalla.

Ana nan, a shekarar dubu biyu, sai Allah ya jefo Musye Kiryako. Wani dattijon nasara ne mai gyaran firiji a bayan babbar kasuwa, mutumin Saifurus, wani tsibiri can wajen ƙasar Girka. Ƙamshi ne ya tsayar da ɗan babur ɗinsa, mobileti. Ya sayi yanka ɗaya, ya gutsura, ya rufe ido, sai ga hawaye. Mu duka muka ɗauka yaji ne.

"Halumi!" in ji shi.

Aka kira Salifu tela, mai jin Faransanci, ya yi tafinta. Ashe a garinsu ma akwai cukun da ake soyawa bai narke ba, halumi sunansa, kakarsa ce gwanar yin sa, kuma rabonsa da shi shekara ashirin da shida. Dela ta gyara ɗaurin ɗankwali tana jiran sauran yabo. Mutumin ya ƙara tauna, ya karkata kai, ya ce, "Pireski."

"Me ya ce?"

Salifu ya sosa ƙeya. "Ya ce saura kaɗan."

"Saura kaɗan me?"

"Saura kaɗan ya kai."

Da ni ce, da na ce Allah ya raka taki gona, in juya ga kaskona. Dela kuwa tsayawa ta yi da matsami a hannu har yanka uku suka ƙone.

Ranar Asabar ta gaba ya dawo, ta tsare shi da tambaya. Ya ce nasu ya fi gishiri. Ta ƙara gishiri. Pireski. Ya ce ai da nonon awaki ake yi. Ta sa mijinta Hamadu, bawan Allah da bai taɓa musu da ita ba, ya cika mana tsakar gida da awaki huɗu, suka cinye mini zogale har saiwa. Pireski. Ya tuna cewa ana sake dafa cukun a cikin ruwansa, a ninke shi biyu da na'ana'a a tsakiya. Ta riƙa taka sayyada har lambunan Tangin don samo na'ana'a ɗanya. Ya ce a jiƙa shi a ruwan gishiri kwana arba'in. Ta sayi tulu ta jiƙa, ta hana kowa matsawa kusa. Ranar da aka buɗe ya ci, ya daɗe yana lumshe ido, har na fara shirin guɗa. Sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya saba.

Kafin shekara biyu sunan ya bi ta. Masu ciniki kuma suka fara zamewa. Kanawa 'yan atamfa da ke aikowa a saya musu kullum suka koma ƙosai. Wani cikinsu ya ce mata, "Dela, wannan wagashi ne ko kanwa?" Ta ce wanda bai taɓa fita waje ba ina zai san abinci. Ita da ko garin Kudugu na nan kusa ba ta taɓa zuwa ba.

Na same ta na ce, "Yaya Dela, don girman Allah ki rabu da nasaran nan. Abin da ba ki taɓa ɗanɗanawa ba kike kora."

Ta ce, "Zulai, mutum ya ci abin hannuna, ya ce bai kai ba, ya hau mobileti ya tafi. Ke in ke ce za ki iya barci?"

Zan iya, har da munshari. Amma ban faɗa mata ba.

A ƙarshen dubu biyu da uku gwamnati ta rushe Zangwatin, aka watsa mu bayan gari. Mu Niyoko muka faɗa. Ranar tashi, mata na kuka a kan ƙofofinsu, Dela na zaune a bayan mota rungume da tulun ruwan gishiri tana yi wa direba faɗa kada ya shiga rami. Na ji haushinta ranar, har ga Allah. Musye Kiryako bai fasa ba, duk Asabar sai ya keto garin nan a kan mobileti ya zo ya ce mata bai kai ba.

Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da shi. Ɗan ƙanwarsa ya zo daga Saifurus zai tafi da shi gida, ya taho masa da halumi na gaske, a rufe cikin leda da rubutu a jiki. Dattijon ya aiko a kira Dela da Salifu, ni kuma na bi su don ba a ba ni labari. Dela ta tafi da nata a kwano. Da hannunta ta soya duka biyun a kicin ɗinsa.

Ta fara ɗanɗana na ledar. Yana ƙara a haƙori kamar sabon silifa. Ta miƙa masa. Ya ci na garinsu, ya tauna, ya tauna, ya karkata kai.

"Pireski," in ji shi.

Ban taɓa ganin fuskar Dela haka ba. Ta ce, "Salifu, tambaye shi. Na garinsu ma bai kai ba? To wanne ne ya kai?"

Ya ce na kakarsa. Ya ce yaƙi ne ya raba tsibirin biyu yana saurayi, suka fito daga ƙauyensu da kayan jikinsu, tsohuwar ta rasu a tanti, bai sake taka gidan ba.

Dela ta ce, "Allah ya ba da haƙuri. To yaya nata yake? Ya faɗa mini gaskiya yau, tunda tafiya zai yi."

Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Salifu ya saurara, ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya fassara.

"Ya ce ba shi da daɗi. Gishiri ya yi masa yawa, ga tauri. Suna yara ɓoye shi suke yi a aljihu su ba kyanwa. Ya ce naki ya fi shi tun ranar farko. Kawai dai ba nata ba ne."

Na matsa kusa da Dela don in riƙe ta, don kaskon mai zafi yana kusa da hannunta. Ba ta taɓa shi ba. Ta ɗauki yanka ɗaya na nata ta sa masa a faranti, ta ce Allah ya kai shi lafiya, muka fito.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa na same ta a gaban murhu, da madarar shanu da ganyen tumfafiya, ba gishiri ba na'ana'a. Na yi murna, na ce, "Alhamdulillahi, za mu koma cin irin na mahaifiyarki."

Ta gutsuro ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi, sannan ta ture kwandon gefe.

"Yau kwana huɗu ina gwadawa, Zulai," ta ce. "Hannun ya manta."