Aron Rariya

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Haka ake yi a garinmu Karare, amma ni na ɗauka ba ta damu da ni ba ne.

Ina ƙarama nauyin baki gare ni, in baƙo ya shigo sai in shige bayan rumbu. Tun ina shekara biyar Inna ta fara aikena aron rariya wajen Gwaggo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kusan kullum da hantsi. Gwaggo kuwa ba ta ba da rariya haka nan. Sai na yi sallama, na durƙusa, na gaishe ta da kwana, da gajiya, da mutan gida, in na tsallake ɗaya mu koma farko. Sannan ta tambaye ni awakinmu nawa, wacce ta haihu, me na gani a hanya. In na dawo, Inna ta karɓa tana tankaɗe ba ta ko kallona, ta sa in maimaita mata komai.

Ina aji biyar a firamare na ga sabuwar rariya ƙarƙashin gadon Inna. Na fito da ita gaban matan da suka zo taya mu surfe, na ce ashe wahalar da ni kawai ake yi, a gidan nan ni ba ɗiya ba ce, 'yar aike ce. Inna ta karɓa ta mayar ɗaki. Ba ta sake aikena ba.

Yanzu ina aure a Safana, ɗiyata shekararta huɗu. In an gaishe ta sai ta cusa kai cikin zanena, ni kuma ba ni da haƙurin jira, kafin ta buɗe baki na amsa mata. Malamarsu ta ce ko sunanta ba ta faɗi a aji.

Da Sallah muka je gida, na kai ta wajen Gwaggo, wadda idonta ya yi rauni sosai. Ta tambayi yarinyar yaya hanya, na ce lafiya lau.

"Ke na tambaya?" in ji Gwaggo. "Bar ta ta nemo bakinta, yadda aka bar ki."

Nan ta gaya mini Inna ce ta zo da kanta ta roƙe ta ta riƙa sa ni magana, don ita kunya ta hana ta zaunar da ni. Rariyar da na yi shekaru ina arowa ma ta Inna ce, ita ta kai ta ajiye can.

Na koma gida da niyyar neman gafara, na tsaya kan Inna, maganar ta ƙi fitowa. Sai na ce ta ba ni rariya. Ta miƙo mini ba ta ɗago kai ba.

Na kai rariyar gidan maƙwabciyata a Safana, na yi mata bayani. Ranar farko da na aiki ɗiyata aronta, ta daɗe tsaye a ƙofarsu, ta dawo hannu wofi. Faɗa ya zo mini har baki, na haɗiye, na tambaye ta me ta gani a hanya. Na jira. Can ta ce, "Akuya."

Inna kuwa har yau ban ce mata ta yafe mini ba.