Turare a Tukunyar Man Kaɗanya

Shekarun da Abuja ke ta bunƙasa, ko'ina gini, ni ina Karmo ina dafa man shafawa. In narka man kaɗanya, in zuba ganyen darbejiya da sabara da garin bagaruwa da 'yar tafarnuwa, in tace, in ɗura a gwangwanin madara. Wari gare shi, ban musa ba. Amma leburorin da siminti ya tsattsage wa hannu sun san aikinsa, da su nake ci.

Sai ɗan ƙanin babana ya zo daga gida. Kakarmu ce ta koya mana mu biyun, kuma wallahi na fi shi hannu. Ni na nema masa rumfa daura da tawa. Bai shekara ba ya koma zuba nasa a farar roba, da takarda manne, ga ƙamshi. Ranar kasuwa mata masu motoci su wuce ni kamar ba su ga mutum ba, su tsaya gunsa. Har dokta suke ce masa. Mutumin da da ƙyar yake bambance sabara da geza!

"Yaya, ka gyara kayanka mana," in ji shi.

"Gyara naka. Ni magani nake sayarwa, ba kwalliya ba."

Baki ne kawai, abin yana cina a rai. Girman kai ya hana in tambaye shi me yake sawa. Na je na sayo turaren fesawa, na juye kwalba guda a tukunya.

Kwana biyu sai ga wani birkila ɗan kudu, tsohon kwastomana. Ya buɗe min tafin hannunsa, ya yi jawur.

"Oga, mene ka sa ciki? Wuta ne! Ni na ce maka ina neman ƙamshi?"

Ya dire gwangwanin, ya tsallaka. Ina kallo ɗan'uwan nawa ya janyo wata roba daga ƙarƙashin tebur. Ashe ya ware na leburori daban, babu ƙamshi, irin na kakarmu sak. Ƙamshin na matan ma, daga baya na ji, na'ana'a ce kawai.

Birkilan ya gaya wa abokan aikinsa. Na zubar da tukunyar, na sake dafa na asali, amma tun daga makon nan leburori ma can suke tsayawa. In sun cika gabansa yakan ɗago min hannu. In amsa saboda zumunci, sannan in juya bencina in fuskanci titi.