Dakta Kulu da Kwalaben Kifinta

Dakta Kulu Mamman halittun teku ta karanta, amma a Nahuce aka haife ta, inda ruwan da ya fi kowane girma shi ne gulbi, shi ma sai damina ta yi kyau. Ni ne direbanta, sunana Haliru. Na ja ta a tsohuwar a-kori-kura tun lokacin da aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi a Gusau. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Sauran daga bakinta na ji a mota, don ba ta buɗe baki sai hanya ta yi tsawo.

Mahaifinta Mamman manomi ne da damina, masunci da rani. Ranar da sarkin ruwa ya buɗe gurbi aka shiga su, maza na cikin ruwa da homa, mata da 'yan mata na bakin gaɓa suna gyaran kifi. Kowace yarinya na yaga ciki ta zubar ta ɗauki na gaba. Kulu kuwa sai ta tsaya tana baje hanjin a tafin hannu, wai tana so ta ga abin da kifin ya ci. Uwarta ta sha dungure mata kai a kan haka. Uban ne ke cewa a ƙyale ta, ai ba sata take yi ba.

Ta yi firamare a Bungudu, sakandare a Gusau, daga nan jami'a, daga nan Legas. Can ta shiga jirgin ruwa na masu bincike, ita kaɗai mace, ita kaɗai 'yar Arewa. Ta ce makonnin farko amai ta yi ta yi har ta zaci hanjinta zai fito, ma'aikatan jirgin kuma suna jiran ranar da za ta roƙi a mai da ita tudu. Ba ta roƙa ba. Ta yi shekaru tana auna kifin teku, tana yanka shi, tana rubuta abin da ta gani, har ta samu digirin da ya sa ake ce mata Dakta. Da mijinta ya rasu sai ta tattara 'ya'yanta biyu ta dawo gida.

A Zamfara babu wanda ya san abin da zai yi da masaniyar teku. Garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wane teku? Saboda haka hukumar da ta ɗauke ta aiki ta tura ta inda ake tura wanda ba a san inda za a kai shi ba. Gidan tarihin ɗaki biyu ne da baranda. A ciki akwai tsofaffin garemani, kwari da baka, kalangu mai yagaggen fata, da kashin jemage har idon sawu. Da kanta ta ɗaura zane a kan rigarta ta share.

Ba ta yi wata uku ba ta ce in zuba mai, za mu bi gulbi. Haka aikin ya faro. Duk inda aka ce za a yi su, daga bayan Bungudu zuwa ƙoramun Kwatarkwashi har tafkunan wajen Tsafe, muna can tun da hantsi. Ba ta damu da manyan tarwaɗa da kowa ke rububi a kansu ba. Tana tsaye ne tana jiran kifin da masunci zai jefar gefe don ba shi da nama. Ta ɗauke shi, ta nemi tsoho ta tambaye shi sunansa da lokacin da yake ƙwai, sannan ta saka shi a kwalba mai faɗin baki, ta cika da sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, ta toshe murfin da kakin zuma. Sannu a hankali kantocin ɗaki na biyu suka cika: ƙurungu, minjirya, gaiwa, tsage da haƙoransa a waje, talibambam a kumbure, da wani yauni mai tsawon kamu biyu da ya cinye kwalba mafi girma shi kaɗai. A kusurwa ta ajiye abubuwan da ta zo da su daga teku, har da wata dabba mai hannu takwas da yaran makaranta ke tsoro suna kuma ƙin matsawa daga gabanta.

Yayin da kantoci ke cika, gulbi na raguwa. Wasu suka koma zuba maganin ƙwari na gamalin a gurbi, kifi ya taso duka, babba da ƙarami. Masu wankin zinariya suka mai da ruwa kunun laka. Daga baya kuma hanyoyi suka rufe saboda 'yan bindiga, wuraren da muke zuwa da rana tsaka ko mai kakin soja ba ya shiga sai da shiri. Ba mu shirya haka ba, amma aka wayi gari wasu kifayen ba a ganinsu ko'ina a ƙasar nan sai a ɗakin Dakta.

Wanda bai yi aikin ba bai san cewa kifin cikin kwalba ba ajiye shi ake yi a manta ba. Zafin bazara na shanye sifirit ko da an toshe. Idan ya ja baya har gadon bayan kifi ya fito, wurin zai bushe ya yi baƙi, sauran ya ruɓe. Don haka kowace shekara kafin zafi ya kankama sai an fasa kakin kowace kwalba, an ƙara, an sake toshewa. Ni nake zuwa Kano in ɗauko duro guda, da takardar izini a aljihuna.

Shekarar da abin ya faru, taya ta fashe mini a Tsafe. Dole aka sauke duron don a ɗaga mota. Murfinsa ya ɗan saki, sifirit ya tsiyaya a hannun wani ɗan dako. Ya shinshina, ya dube ni, ya tambayi inda zan kai. Na gaya masa gaskiya. Kafin in gama ɗaure taya, 'yan tasha sun gama yanke hukunci, kuma motocin haya sun fi a-kori-kurata gudu. Labari ya riga ni isa Gusau: matar nan da ta zauna a Legas tana shigo da barasa duro-duro, kifin nan rufa-ido ne.

Makarantu suka daina kawo yara. Matar da ke sayar mana da ƙosai a ƙofa ta ɗauke kaskonta ta koma gaba. Ni kaina a masallaci sai da na ga sahu ya ɗan buɗe a gefena. Sannan dattawan unguwa suka zo, Alhaji Yusha'u na gaba. Dillalin hatsi ne, mutumin Bungudu tun asali, ba mugu ba, amma idan ya kafe ko jaki ya san ya samu ubangida. Ya ce sun ba da kwana uku, a zubar da duron da duk abin da ke cikin kwalaben.

Dakta ta nuna masa takardar izini, ya ce takarda ba ta canza wari. Ta ce masa an gauraya sifirit ɗin da guba tun daga kamfani, wanda ya sha zai makance ko ya mutu. Ya ce masu shan maye har kwata suke shinshina, guba ba ta hana su. A nan bai yi ƙarya ba.

Washegari babban jami'in hukumarmu ya kira ta ofis. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji komai. Ya ce shi ya san ba giya ba ce, amma ba ya son fitina da unguwa. A ɗauki hoton kowane kifi a manna a bango, a zubar da sauran, kowa ya huta. Ta ce hoto ba ya nuna yawan ƙaya ko abin da ke cikin ciki, kuma wanda zai zo bayan shekara hamsin ba zai iya yanka hoto ba. Ya ce umarni ne.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kujerar taku ce, ku karɓa. Amma hannuna ba zai karkata kwalba ko ɗaya ba."

A mota na ce mata ko mu kwashe su a ɓoye mu kai gidan ƙanwarta a Nahuce kafin ƙura ta lafa. Ta ce in mun yi haka mun tabbatar musu ke nan. Abin da ake ɗauka a ɓoye shi ne abin kunya.

Ranar da wa'adi ya cika, da safe ta sa na fito da tebura baranda. Muka kwaso kwalaben ɗaya bayan ɗaya muka jera su a fili, inda duk mai wucewa zai gani. Ta sa na mirgino duron na kafa shi a tsakiya. Ta zauna a kan kujera da wuƙa da mazurari, ta fara aikin shekara kamar yadda take yi a cikin ɗaki: ta kankare kaki, ta buɗe, ta ƙara, ta narka sabon kaki a gwangwani, ta toshe. Warin ya cika layin. Mutane suka taru, wasu da hannun riga a hanci. Ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba.

Alhaji Yusha'u ya iso da jama'arsa. Ya tsaya yana kallo, ya ce ashe raini ne ya kai haka. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ci gaba da aikinta. Ya ce tunda ba za ta zubar ba, shi zai fara. Ya naɗe hannun riga ya rungumi babbar kwalbar nan ta yauni, ya ɗaga ta da ƙyar, ya nufi bakin kwata. Na yunƙura, ta ɗaga mini hannu in tsaya.

"Alhaji, zubar," in ji ta. "Amma wanga kifi amana ce a hannuna. In ka zubar, kai za ka kawo mini wani. Ba daga kasuwa ba, ba na Yawuri ba. Na gulbinmu."

Ya ce kifi ne fa, ba zinariya ba. Ya juya ya tambayi jama'a wa ya san masuncin da zai kawo yauni kafin Juma'a, ko nawa ne. Wani mai sayar da kifi banda ya ce shi rabonsa da yaunin gulbin nan tun kafin ya yi aure, yanzu kuwa ya aurar da 'ya. Wani ya ce gurbin da ake samunsa ma yana hannun mutanen daji.

Alhaji ya dubi abin da ke hannunsa. Ban san abin da ya tuna ba, bai faɗa ba, ni kuma ba zan ƙaga masa ba. Abin da na gani shi ne bai karkata kwalbar ba. Ya dawo ya dire ta a kan tebur da ƙarfi har sifirit ya yi tambal-tambal.

Bai ba da haƙuri ba. Ya ce kifi ya zauna, amma duro ba zai kwana a unguwarsu a buɗe ba, inda kowane ɗan iska zai iya tatsa. Ta ce duro ba ya zuwa ko'ina. Suka yi ta ja har azahar ta matso. Limamin unguwa ne ya raba su, ya ce shi dai ya ga ana shafa wa mutane irinsa a asibiti, kuma bai ga Dakta ta kai baki ba, sai dai maganar tsaro gaskiya ce. Aka tsaya a kan a gina wa duron ɗan ɗaki a bayan gida, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun Alhaji. Ta ce ta yarda, da sharaɗin duk ranar da ta aika, zai zo da kansa, ko ana cin kasuwar hatsi. Ya ce zai zo ya ga ƙarshen taurin kai.

Unguwa ta lafa, ofis bai lafa ba. Aka ba ta takardar tuhuma kan ƙin bin umarni. Ta amsa da layi biyu. Kafin damina ta faɗi aka ce ta yi ritaya, aka kawo wani a madadinta, mutumin kirki da bai san bambancin gaiwa da tarwaɗa ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Ba a yi mata walima ba. Ta miƙa makullin ofis da na ɗakuna. Na ɗakin duro kuwa ta ce ba hukuma ta ba ta ba, yarjejeniya ce tsakaninta da unguwa, wanda yake so ya je ya tambayi Alhaji Yusha'u. Aka je aka tambaye shi. Ya ce shi da mace ɗaya ya yi magana, bai san wani ba.

Yanzu tana zaune a gidanta, gwiwa ta fara ba ta wahala, 'yan fansho kuma kowa ya san halin da suke ciki. Ba ta da kujera, ba ta da albashin wurin. Amma da sanyi ya fara janyewa za ta kira ni. In ɗauko ta, mu biya ta kasuwa mu ɗauki Alhaji, yana mita tun daga rumfarsa har mu iso. Ya buɗe nasa kwaɗon, ta buɗe nata. Ya zauna nesa da rawani a hanci yana cewa ta yi sauri, ita kuma ba ta sauri. Bana idonta bai ga bakin ƙananan kwalaben sosai ba, sifirit ya riƙa zuba a ƙasa. Alhaji ya yi tsaki, ya ce ɓarna haramun ce, ya taso ya riƙe mata mazurari har aka gama kanta ta ƙarshe.